Gishirin Masu Fata a Lambun Baba Sale

Cikin shekarun da na yi a matatar ruwan datti ta garinmu, ranar da Baba Sale ya shigo mana da ƙasa a cikin hularsa ita ce ta ƙi fita raina. Ku da kuka zo daga baya, bari in fara gaya muku yadda muke aiki a lokacin.

Garinmu garin kasuwa ne, a kan hanyar Baure. Ruwan kwatar mahauta da na masu abinci da na makewayin kasuwa, duk lambatu ɗaya yake bi ya iso wurinmu. Ni lebura ce, mafi ƙanƙanta a wurin. Da manjagara nake kwashe leda da tsummokara daga ragar ƙarfen da ke bakin shiga. Daga nan ruwan zai faɗa kududdufi na farko dattin ya kwanta, ya wuce na biyu, sai na uku inda yake yin garau. Kowace safiya shugabanmu, Injiniya, yakan ɗebo a kwalba, ya ɗaga wa rana, ya shinshina. In ya ce ya yi, sai in buɗe ƙofar da ke kai ruwa lambuna. Na'urar gwaji ta daɗe da lalacewa.

Lambun Baba Sale ne na farko da ruwan ke iske. Gadon mahaifinsa ne, ba shi da wata gona. Tumatir da albasa yake nomawa da rani, da su yake ciyar da gidansa. Mutum ne mai barkwanci. Sarauniyar Lambatu yake ce mini, ni kuma in ce ai shi ne talakana na farko. Da maƙwabtansa suka haƙa rijiya, shi ya ƙi, ya ce ruwanmu da takinsa yake zuwa.

A ranin da abin ya faru ne wasu fatake masu shigo da fatu ta kan iyakar Kongolam suka kafa rumfa bayan kwata. Ɗanyar fata gishiri ake zuba mata don kada ta ruɓe. Idan kasuwa ta watse sai su wanke daɓen rumfar, ruwan ya bi lambatu. Ba da mugunta suka yi ba, tsabta ce a wurinsu. To amma raga ba ta kama gishiri, ba ya kwanciya a kududdufi, kuma ba ya wari. Ruwa ya ci gaba da fitowa garau, ni kuma ina buɗe ƙofa.

Da ganyen tumatir ya fara ƙonewa daga baki, Baba Sale ya ɗauka ƙishi ne. Ya roƙi a ƙara masa ruwa, aka ƙara. Kullum shuka na yaushi, kullum yana ƙara ban ruwa, har albasar ma ta kwanta.

Ranar da ya zo, bai tsokane ni ba. Ya miƙa wa Injiniya hular. Ƙasar ta yi fari a sama kamar an barbaɗa kanwa.

"Yallaɓai, ɗanɗana."

Injiniya ya taɓa a harshe, ya tofar. Ya sa na rufe ƙofa, sannan muka bi lambatu da ƙafa har rumfar masu fata. A can muka tarar da buhunan gishiri jibge, daɓe a jiƙe.

Da muka dawo Baba Sale yana zaune inda muka bar shi. Ya tambaya yaushe ƙasar za ta warke. Injiniya ya ce sai ruwan sama ya wanke ta, kuma ba lalle damina ɗaya ta isa ba.

"To kafin nan mu ci me?"

 Sai Baba Sale ya juyo wurina.

"Ke ma ba ki sani ba ko, 'yata?"

"Wallahi Baba ban sani ba."

"Na yarda. Ai shi ne ciwon. Ba ni da wanda zan riƙe."

Daga baya an sa masu fata sun haƙa raminsu daban. Damina ta zo ta wuce, Baba Sale ya gwada shuka, ba ta tashi ba. Ya sake gwadawa, haka. 'Ya'yansa suka tafi ci-rani ba su dawo ba. Yanzu a kasuwa yake zama, yana kasa albasar wasu. Shingen lambun ya zube, awaki ne ke shiga suna lasar ƙasar.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu dattin da ke wari mai sauƙi ne, don kowa na gudunsa. Na kuma ga cewa duk abin da mutanen gari suka zubar, da sani ko babu, a ƙofar wanda ke can ƙarshen lambatu yake tsayawa, kuma mai ƙarfi ba ya zama a wurin. In kun zo buɗe ƙofar nan da safe, ku tuna akwai gidan da ke ci daga bayanta.