Mai Fere wa Algaita Harshe

Kafin rana ta yi zafi zai shimfiɗa tabarma a zaure, ya jiƙa siraran karare a tsohon gwangwani, ya wasa askarsa. Shekara arba'in aikin Baba Mai Aska ɗaya ne: fere ɗan karan nan mai leɓe biyu da ake kafawa a bakin algaita, wanda mabusa ke ce wa harshe. In babu shi, algaita itace ce kawai. Amma wa ya taɓa yaba harshe? Mai kumbura kumatu ake yi wa tafi.

Ni tsohon direba ne, bokona bai yi nisa ba, amma na ga gari, na ga masu sana'a. Ban ga mai ɗabi'arsa ba. Ba ya fere harshe sai ya duba bakin mai shi. "Buɗe mu gani," zai ce, kamar mai tayin akuya.

Ƙanena mabushi ne, da algaita yake ciyar da 'ya'ya shida. Babur ya kayar da shi, haƙora huɗu suka zube, leɓe ya tsage. Da ya warke, in ya busa sai iska ta zurare ta gefe. Ya naɗe algaitar a tsumma, ya kai wa Baba ya nemo mai saye.

"Zauna, Wawulo," in ji Baba. "Haƙora suka tafi, ba numfashi ba."

"Baba, ko kaza ba na iya kora da ita."

"Da ma can kaji kake kora, kara muke yi maka."

Kwana goma sha ɗaya Baba yana fere masa harshe yana zubarwa, na yau ya fi na jiya laushi. Ya faɗaɗa masa ɗan faifan da leɓe ke jingina. Rana ta sha biyu, a gabana, sauti ya fito tar, har maƙwabta suka leƙo.

Baba, kai ne ka mayar da tukunyar gidan nan kan wuta, ba wanda ya ji. Mun gode, Allah ya saka. Masu sana'a, ku koyi duba mutum kafin ku yanka masa.

Bana idon Baba ya yi rauni, ya ajiye aska, mabusa suka shiga zulumi. Jiya na tarar da ƙanena a zauren, da furfurarsa, aska a hannu, Baba na shafa karan da yatsa yana cewa, "Ya yi kauri, Wawulo, sake."

Sai ga wani mabushi ya zo neman harshe. Ƙanena ya ajiye askar, ya dube shi.

"Buɗe mu gani."