Amfilifayar da Ta Ƙi Rufa Mini Asiri

Ni ne na yi kuskure, ba amfilifaya ba, ba kuma taubashina mai gyaran rediyo ba.

Ladan nake a masallacin unguwarmu, a wani ƙauye kan hanyar Malumfashi. Tsohuwar amfilifayarmu, na'urar ƙara sautin lasifika, duk ta yi tsatsa, amma tana da wani maɓalli da in ka murɗa sai murya ta riƙa amsa-kuwwa. Kullum a ƙure nake barin sa. In na ja kiran salla sai ka ce mutum uku ne masu zaƙin murya ke bin juna. Ni kuwa har zuciya na yarda muryata ce haka.

Wata shekara da kaka ta yi kyau, wani Alhaji mai sayen masara ya kawo mana sabuwa, mai nauyi kamar dutsen niƙa. Taubashina ne ya haɗa ta. Ya ce masu ƙera irin wannan ba su yarda ta ƙara ko ta rage ba, abin da ka zuba mata shi za ta fitar. Na laluba maɓallina, babu.

Da Azahar na kama makirfo. Abin da ya fito ta lasifika ya fi kama da ƙofar langa-langa ana jan ta a ƙasa. Har gyaran muryata da ragowar goron da ke bakina sai da aka ji a bakin kasuwa.

Maimakon in yi shiru, sai na shiga gaya wa mutane cewa taubashina ya kwashe kayan ciki masu kyau ya cusa gwangwan. Da farko an ɗauka wasan taubasai ne. Da aka ga ba na dariya, sai aka daina kai masa aiki, masu rediyo suka koma hawa mota zuwa Funtua. Na sha wucewa in gan shi a ƙofar shago yana korar ƙuda, kuma shi ne ke fara gaishe ni.

Matata ce ta tare ni ina cin tuwo. Ta tambaye ni ko muryar Liman ma ta canza. Na ce a'a, tasa lafiya lau take fita.

"To Malam, taka ma ba ta canza ba. Haka muke jin ta a tsakar gida tun da aka kawo ni, ba mu faɗa ba ne kawai."



Na so in bi taubashina shago in raɗa masa a kunne, amma a bainar jama'a na ɓata shi. Don haka washegari da aka sallame La'asar na roƙi mutane su dakata, na ɗauki makirfo. Amfilifayar ba ta taimake ni ba, har rawar muryata sai da ta kai bakin kasuwa.

"Jama'a, bai cire komai ba, ƙarya na yi masa. Muryar ce tawa, haka Allah Ya yi ta. Ku mayar masa da rediyoyinku. Taubashi, don Allah ka yafe mini."