Rigar da Na Ɗinka wa Kwamfuta

Shekarata goma sha ɗaya ina buga tafireta a wata masaƙa da ke Kakuri lokacin da aka kawo kwamfuta ofishinmu. Ban yi murna da zuwanta ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. An ware mata ɗaki, an sa mata na'urar sanyaya iska, mu kuwa 'yan Adam muna waje muna fifita da fayil. Har takalmi sai an cire kafin a shiga wurinta.

Wadda aka tura Legas ta koyo aikin wata yarinya ce Kirista daga kudancin Kaduna, wadda ba ta fi shekara biyu da kama aiki ba. Na so in ƙi ta, abin ya gagara. Yaya take kira na, kuma in an tashi tare muke takawa zuwa bakin titi, ni in nufi Makera, ita ta jira motar Barnawa. Mahaifinta ya rasu, ita ke riƙe da tsohuwarsu da ƙanne uku a ƙauye. Abu ɗaya take kuka da shi kullum: ƙurar auduga. A masaƙa ba inda ba ta shiga, har cikin shayinka. Kowace safiya sai ta goge allon, wato akwatin nan mai kama da talabijin inda rubutu ke fitowa kore shar.

Ni kuwa a gidana ba abin da ba shi da riga. Rediyo da rigarsa, keken ɗinki da tasa. Sai na ce bari in yi wa yarinyar nan abin kirki. Na haɗa ƙyallayen atamfa, na yi musu shafi da leda mai kauri don ko ƙwayar ƙura kada ta ratsa, na ɗinka wa allon riga daidai jikinsa. Ban gaya mata ba, so nake ta zo ta gani.

Ranar Juma'a ta tashi da wuri. Na leƙa ɗakin, na ga allon baƙi ƙirin, na ce a kashe yake. Na zura masa rigar, na ja igiyar ƙasa na ɗaure tamau. Na ji wani ɗan ƙugi, na ce na'urar sanyi ce. Abin da ban sani ba shi ne, in aiki ya yi tsawo, kamar jera sunayen ma'aikata da lokutan aikinsu, barin injin take yi a kunne har Litinin, sai dai ta murɗa wani ɗan maɓalli ta rage hasken. Ban kuma san cewa 'yan ramukan da ke saman allon ta nan yake fitar da zafi ba. Ni a ganina ƙofar ƙura ce kawai.

Ranar Litinin na riga kowa zuwa, don kada in rasa ganin fuskarta. Ina buɗe ƙofa wani ƙauri ya doke ni, irin na bokitin roba da aka manta kusa da murhu. Na taɓa rigar, na janye hannu. Ledar ta narke ta manne a sama. Na fizge ta, na kankare abin da ya rage da farce, na cusa ta can ƙasan jakata, na bar ƙofa a buɗe har warin ya fita. Duk wannan ban yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne kawai ke aiki. Sannan na koma teburina na zauna kamar mutuniyar kirki.

Ta iso da fara'arta, ta gaishe ni, ta shige. Can na ji ta kira.

"Yaya, zo ki gani. Allon ya ƙi kawowa."

Na tsaya a bayanta. Ta murɗa maɓallin haske har ƙarshe, shiru. Ta kashe injin, ta ƙirga ashirin a fili, ta kunna. Injin ya yi ƙararsa ta kullum, 'yar fitilar faifai ta yi ja, amma allon ko gezau. Ta durƙusa ta bi waya tun daga bango har bayan akwatin, ta zare ta mayar. Ta canja soket. Ta ciro fis ta ɗaga shi sama tana duba siririn zaren da ke ciki, lafiyarsa lau. Sai ta yi wani abu da har yau in na tuna nakan ji kunyar kaina. Ta zauna, ta sa yatsu, ta buga umarni da ka ba tare da tana ganin ko harafi ɗaya ba. Firinta ta ɗauki ƙara, takarda ta fito da sunayen ma'aikata a jere.

"Kin gani? Ƙwaƙwalwar na nan da ranta. Allon ne kawai." Ta ɗago ta dube ni. "Me ya same shi, Yaya?"

Na ce, "Ina zan sani, ƙanwata? Ni da ko kunna shi ban iya ba."

Jakata tana ƙarƙashin teburina, taku goma daga inda muke tsaye.

Sai ranar Alhamis injiniya ya zo. Ya kwance bayan allon, ya shinshina, ya ce zafi ne ya ƙone shi. Manaja ya juya kanta.

"A kunne kika bar shi tun Juma'a?"

"E, Oga. Haka aka koya mana, kuma ba yau na fara ba."

"Wa ya ba ki izini?"

Ina tsaye da fayil a hannu. Kalma biyar ta isa: ni na sa masa riga. Na buɗe baki, sai na tuna ana ta rage ma'aikata a lokacin, kowane wata sai an liƙa sabon jerin sunaye a bakin get, na tuna 'ya'yana, na mayar da bakina na rufe. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ba zan sa masa suna mai kyau ba.

Sabon allo daga waje za a kawo shi, shigo da kaya kuwa ya yi wuya a shekarun nan. Ɗakin ya zauna a kulle. Da aka liƙa jerin wata mai zuwa, sunanta na ciki. Aikinta duka ya dawo kan tafiretata, har manaja yana cewa tsohon hannu ya fi aminci. Ban ƙi jin daɗin maganar ba, wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kansa. Rigar kuwa a kwata na jefa ta, a hanyar Makera.

Bayan kamar shekara uku muna dawowa daga wani biki, direba ya tsaya a Gonin Gora don a sayi doya. Ina sauka na ji an ce "Yaya!" Ita ce, da zane ɗaure a ƙirji bisa wata tsohuwar riga, a gaban tulin doya. Ta rungume ni har ɗankwalina ya zame. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Ke da iliminki? Na ji yanzu ofisoshi neman masu kwamfuta suke ido rufe."

Ta yi ɗan murmushi. "An kira ni sau biyu, ban je ba. Hannuna nake tsoro, Yaya. Har yau ina bin abin a kaina, tun daga Juma'ar nan. Na rage haske, na duba sanyi, na ja ƙofa. Ban gano inda na yi kuskure ba. In ban san abin da na ɓata ba, ai zan sake ɓata shi a wani wurin." Ta riƙe hannuna. "Ke kika riga ni shiga ranar Litinin ɗin. Ba ki lura da komai ba?"

Direba na ta danna oda. Babu manaja a wurin, babu jerin sunaye, ba abin da zan rasa sai yadda take kallona.

Na ce, "Ban ga komai ba. Ƙaddara ce, ƙanwata."

Ta gyaɗa kai. Ta zaɓo mini doya masu kyau, ta ƙara biyu gyara, ta ɗauka da kanta ta kai mini har mota. Na karɓa, na yi mata godiya.