Kawu Sanda da Mai Shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa shan shayi a zauren Kawu Sanda a Cadawa ya san ba ya kunna kwamfutarsa sai ya yi mata sallama. Zai yaye tsohon mayafin da yake lulluɓe ta da shi, ya gyara tabarau, ya ce, “Salamu alaikum, mutanen ciki.” Daga nan sai jiran amsa. Da yake na'urar ta girmi wasu ɗalibaina, kafin ta amsa mun shanye shayin farko, an ɗora na biyu.

Ƙanen mahaifiyata ne, kun sani. Ya koyar a lakol, makarantar boko ke nan, daga Gidan Rumji har Gazawa, ya aje alli ba shi da komai sai wannan na'ura da wani buro, wato ofis, a Agiye ya yar. Ya sa mata Linuks, tsarin nan da ba a saye, wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya taɓa. Na tambaye shi me ya gani a ciki.

Ya ce, “Kyauta suka ba ni, ɗana, har da izinin ɓatawa. Ina ka taɓa ganin irin wanga karamci?”

Izinin kuwa ya yi amfani da shi sosai.

Wata rana ya zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya, ya dafa na'urar, ya ce: “Cikin gidan nan akwai mai shimfiɗa. Shi ka cewa hoto zamna nan, rubutu koma can, kowa da tabarmarshi bisa allo. Sunanshi Ikis. Tsoho ne, ya yi ma duniya aiki, amma hannunshi rawa shikai.”

Sai ya nuna mini laifin tsohon. Akwai wani ɗan gajeren bidiyo da aka ɗauka da salula a wajen suna. Marigayiya Inna Hassu ce, matarsa, tana durƙushe gaban tukunya, wani ya kira ta, ta waiwayo tana dariya. To daidai waiwayen nan sai wani siririn layi ya ratsa fuskarta, goshi ya riga, haɓa ta biyo baya.

Na ce, “Kawu, ai ba a ma ganewa.”

Ya ce, “Kai ne ba ka ganewa. Ni ban aure ta a yage ba.”

A wani gidan intanet na Maraɗi ya karanta cewa ana ƙera sabon mai shimfiɗa, wai shi Wailan, wanda ba ya fito da hoto sai ya gama ɗinke shi tsaf. Ana ƙerawa fa aka ce, ba a gama ba. Kawu bai karanta wannan layin da zuciya ɗaya ba.

Lokacin ana riƙon ƙwarya, ko'ina zancen zaɓe ake, don haka ya ce a gidansa ba a juyin mulki. Ya tara 'yan zaure, ya aje ƙorai biyu, ɗaya ta Ikis, ɗaya ta Wailan, ya raba wa kowa aya a matsayin ƙuri'a. Ya tashi ya yi wa ɗan takararsa kamfe, ya zauna, ya sake tashi ya yi wa ɗayan, a taƙaice. Bello, abokinsa makiyayi, mai kiransa Mushe yadda ake kiran malamin lakol, ya ɗaga sanda.

“Mushe, cikinsu wane ya san ciwon shanu?”

“Babu.”

“To duk ɗaya suke da na bara.”

Mu dai mun zaɓi tsohon, don mun saba ganin hoto. Da aka zo ƙidaya, ƙwaryar Ikis fayau! Bello na gefenta, kumatu cike.

“Bello! Ka cinye jam'iyya mai mulki!”

“Wallahi, Mushe, na ɗauka ta baƙi ce.”

Kawu ya miƙe ya bayyana sakamako: “An yi zaɓe lahiya lau. Babu maguɗi, sai dai tauna.”

Washegari ya sauke Ikis, ya ɗora Wailan, ya yi sallama. Allo ya yi baƙi ƙirin. Babu hoto, babu ko kibiyar nan da ake ja, sai 'yan fararen haruffa suna gudu kamar tururuwa.

“Kawu, ina hoton?”

“Riƙon ƙwarya muke. Saura ƙiris.”

Aka yi shuka, saura ƙiris. Gero ya yi kai, saura ƙiris. Ƙasa ta gama nata riƙon ƙwaryar, aka rantsar da waɗanda za a rantsar, na zauren Kawu bai ko sa ranar miƙa mulki ba. Duk tsawon nan bai ga fuskar Inna Hassu ba, alhali da umarni ɗaya zai mai da tsohon kan kujera. Na roƙe shi. Na ce ganinta da layi ai ya fi rashin ganinta.

Ya ce, “Ta yi haƙuri da ni tun ina mushe mai keke. Ta iya jira.”

Rannan bayan la'asar ya aiko a kira mu da gaggawa. Muka tarar da shi ya ƙura wa allo ido. A tsakiyar baƙin nan ga fure guda ɗaya, irin wanda maƙeran Wailan suka zana don gwaji. Ya kama shi da kibiya, ya ja shi dama, ya ja shi hagu, furen na tafiya a hankali kamar bado a kan tafki.

Bello ya leƙa. “Damina guda cur, hure guda! Mushe, da gona ce, da bana ka sayi hatsi.”

Kawu bai ko ji shi ba. A hankali ya ce, “Ku duba da kyau. Bai yage ba.”

Muka zauna muna kallon fure na yawo, har batir ya ƙare.

Iyakar abin da ya gani ke nan. Wailan na wancan lokaci bai iya nuna masa bidiyo ba, shi kuma Kawu kwanansa bai kai ba.

Bayan wasu shekaru aka kawo mana sababbin na'urori a lakol. Na duba ciki, sai ga Wailan zaune kan mulki, ba zaɓe, ba aya. Na kwaso bidiyon daga tsohuwar na'urar, na aika aka kira Bello. Ban san lokacin da na yi wa allon sallama ba. Inna Hassu na gaban tukunya, aka kira ta, ta waiwayo tana dariya, goshi da haɓa tare, fuska ɗaya cikakkiya.

Bello ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce, “Ashe da gaske ƙiris ya rage.”

Allah Ya jiƙan Kawu Sanda, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya sa da ya yi sallama a can, ta waiwayo ta amsa masa.