Wasan Sojoji a Bakin Kogi

Ƙanena ya zauna gida lokacin da aka rufe gadar kan iyakarmu da Benin. Da can takardun duwan, wato na kwastan, yake yi wa masu manyan motoci. Motoci suka tsaya, shi ma ya tsaya. Ni na riga shi barin hanya. Tun ranar da aka tare mu, aka ƙone motar, na fito daga daji da ƙafata ni kaɗai, ban sake tuƙi ba. Na kafa rumfar sa waya a wuta, wato caji.

Akwai wasan da yake yi da abokansa tun suna karatu a Yamai. Mutum ɗaya ke ba da labari: sojoji ne ƙalilan, yaƙi ya watse ya bar su a ƙasar abokan gaba, ba abinci, harsashi ya kusa ƙarewa, sai su nemi hanyar gida. Kowa ya ɗauki soja ɗaya ya zama shi. In ka ce za ka yi abu, a jefa ɗan ludo, shi zai nuna ko ka dace ko ka faɗi. Na ce masa wannan wasan waɗanda ba su taɓa kwana da yunwa ba ne. Ya yi dariya.

Abokan sun warwatsu. Ɗaya na Yamai, ɗaya na Paraku, ɗaya na Kamba. Na Yamai ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, sai suka ce a yi zama ɗaya ta waya kafin ya tafi, ƙanena ne zai ba da labarin. Haɗa su ya fi wasan wahala. Wannan ya ce ranar kasuwa ce, wancan ya ce matarsa ta hana. Da ƙyar suka tsaya a kan Lahadi bayan azahar.

Sai maganar rezo, wato sabis ɗin waya. Namu ba ya ɗaukar murya huɗu, yankewa yake. Amma a bakin kogi na Benin yana shigowa da ƙarfi, kuma ƙanena na da pus uku, wato layukan waya, kamar kowa a nan Gaya. Ya riƙa zuwa can yana gwadawa, yana zama ƙarƙashin wata bishiya da takarda a cinya. A takardar ya zana taswira: kogi, gada, mashigi, da jan alama inda masu gadi suke. Ya ce ƙasar ƙirƙira ce. Amma wanda aka haifa a Gaya in ya zana kogi, namu yake zanawa.

Na ce kada ya kai takardar nan bakin ruwa.

"Yaya, wasa ne."

"Ni na sani. Su fa?"

Ranar Lahadi ina rumfa wani mai kabu-kabu ya tsaya bai kashe mashin ba. Ya ce ƴan sintiri sun kama ƙanena. Na hau bayansa, ban rufe rumfar ba.

Na tarar da shi zaune a ƙasa, an yage masa wuyan riga. Masu kwale-kwale, ƴan dako, mata masu soya kifi, duk sun kewaye shi. Shugaban ƴan sintirin na riƙe da takardar da wayar. Na san mutumin, mai facin taya ne. An kashe masa ɗa a hanya, ba a samo gawar ba. Ya kunna wani saƙon murya, na Kamba yana cewa shi zai ɗauki babbar bindigar, a ƙetare ta ƙasan gada. Na ga wani ya ɗauko filafilin tuƙa jirgi ya riƙe da hannu biyu.

Na taɓa ganin taro irin wannan. In dutsen farko ya tashi, magana ta ƙare.

Ƙanena sai bayani yake, rabi Hausa rabi Faransanci, yana ƙara lalata lamarin. Har ya ce a ba shi wayar ya share saƙonnin. Na ce ya rufe baki. Na zauna kusa da shi a ƙasa, na ce ba wanda zai taɓa shi sai an kira mai unguwa. Mai kabu-kabun ya tafi ɗauko shi. Ba mu motsa ba. Rana na dukan ƙeyata, ina jin numfashin ƙanena.

Mai unguwa ya zo, aka ajiye masa kujera. Ya saurari mai faci, ya juya takardar ya sake juyawa. Mai faci ya ce a miƙa ƙanena ga hukuma yanzu. Zargi irin wannan in ya manne wa mutum ba ya sakinsa da wuri, ko da ya dawo.

Na ce, "Baba, lokacin wasan ya yi. Suna can suna jira. A kira su, kowa ya ji, kada a gaya musu komai. In ba wasa ba ne, a tafi da mu biyu."

Mai unguwa ya dube ni. Sannan ya ce a kira.

Aka aza wayar a kan faifan wata mai kifi. Murya ta farko ta na Yamai ce.

"Kwamanda, ka makara. Makaman sun iso?"

Wani ya ja tsaki a bayana. Mai filafili ya matso. Ban waiga ba.

Ƙanena ya fara labarin. Ya ce ga su a bakin ruwa, gari bai waye ba, ruwan shansu ya rage na mutum biyu. Na Paraku ya ce shi zai fara ƙetarewa. Ƙanena ya ciro ɗan ludo daga aljihu, ya jefa a faifan. Ɗaya ta fito. Ya ce an harbi na Paraku a cinya. Na Paraku ya hau faɗa, wai ƙarya ne, a nuna masa ɗan ludon, tun suna makaranta ƙanena ke cutarsa don ya taɓa cinye masa tuwo. Mai kifin ta yi ƴar dariya ta rufe baki. Mai faci bai yi ba.

Sai ƙanena ya ce wanda aka harba ba ya iya tafiya, masu gadi na tahowa. A ɗauke shi ko a bar shi? Na Kamba ya ce a bar ƙaton, nauyi gare shi, ga ci.

Mai faci ya sunkuya a kan wayar.

"Kai, ɗan gidan wa ne? Ba a barin mutum a daji."

Sai na Yamai ya tambaya wa ke magana. Kafin a ba shi amsa gardama ta kaure a taron. Wani ɗan dako ya ce a goya shi, wani ya ce sai su mutu duka. Mai filafili ya ajiye filafilin a ƙasa yana nuna yadda ake kwantar da mai rauni a cikin jirgi. Ni ban sa baki ba. Na san abin da ake yi a daji, ba shi ake faɗa a bakin kogi ba.

Mai unguwa ya miƙa wa ƙanena wayarsa. Takardar kuwa ya ba mai kifi, ta cusa a murhu. Ya ce in za a sake irin wannan, a yi a ƙofar gidansa. Mai faci ya riga ya juya, yana kallon ruwa.

Ba a ƙarasa wasan ba. Da na Kamba ya gane mutane na saurare, ya kashe wayarsa. Na Yamai ya yi tafiyarsa. Har yau a unguwa Kwamanda ake kiran ƙanena, kuma ba kowa ke faɗa da wasa ba.

A hanyar gida ƙanena ya zauna a bakin wani shago. Da ya huta ya tambaye ni, da ni ne, ɗauka zan yi ko bari. Na ce ya tashi, rumfata a buɗe take.