Ɗauko Gwaggo daga Bayan Damari

Tun da aka halicci ɗan Adam, manyan tambayoyinsa ba su wuce biyu ba: daga ina na fito, kuma ina na dosa. Malamai sun ƙarar da tawada a kansu, masana sun yi furfura. Makon jiya na ga an amsa su duka biyun a kan wani ɗan allo da bai fi tafin hannu ba, wanda ƙanena ya liƙa a gilashin motarsa.

Mun tashi da asuba daga Ƙanƙara, ni da shi. Dalilin tafiyar Gwaggo ce, yayar mahaifinmu, wadda ke zaune a wani ƙauye bayan Damari. Yanar ido ce ta rufe mata ido biyu, ga shi likitocin ido za su yi aiki a garinmu washegari, in kuwa suka tattara kayansu ba wanda ya san ranar dawowarsu. Dole ta kwana Ƙanƙara a ranar. Duk ɗan yankinmu ya san sauran zancen: akwai hanyoyin da ba a son yamma ta riski mutum a kansu, kuma ba sai an faɗi dalili ba.

Ƙanen nawa fataucin hatsi yake yi, kuma sabon sayen na'urar nuna hanya ne, don haka tun kafin mu fita gari na sha lacca. Ya ce da tauraron ɗan'adam take magana, ba ruwanta da sabis ɗin waya, taswirar ƙasar duka tana cikinta. Ana cire ta a ɗaure a kan mashin, ruwan sama ba ya shiga jikinta. Na saurare shi irin sauraron da nake wa ɗalibin da ya rantse ya yi aikin gida amma ya manta littafin.

Da ya rubuta mata Damari sai ta kawo hanya biyu: gajeriya ta wajen Faskari da ke ratsa daji, da doguwa ta kwalta da ke zagayawa ta Funtuwa da Ɗandume. Ya latsa mata cewa ba ma son hanyar ƙasa, ta bi umarni ba gardama. A Sheme muka tsaya shan koko. Ƙosan ya rame har ana iya haɗiye shi kamar ƙwayar magani, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Wajen Mairuwa masara ta yi kore shar hagu da dama, titi ya miƙe, ƙanena ya taka mota, na'urar ta yi masa tsuwwa cewa gudu ya yi yawa. Ni na daɗe ina faɗa masa haka bai ji ba, amma ita sau ɗaya ta faɗa ya sassauta. A cikin Funtuwa ya wuce kwanar da ta nuna masa, sai kawai ta sake zana wata hanyar, ba tsaki ba gori. Mu malaman makaranta ba mu iya gyara kuskure ba sai mun haɗa da huɗuba.

A Damari mota ta gama nata. Muka ajiye ta gidan wani dillalin hatsi abokin ƙanena, ya ara mana mashin biyu, wani manomi mai zuwa gona ta can ya shige mana gaba. Ƙanena ya ɗaure na'urar a kan mashin ɗinsa, ya danna wani wuri don ta riƙa zana duk inda muka bi. Taswirarta ba ta san da ƙauyen ba, fili kawai take nunawa, amma wani siririn layi na ta bin bayanmu kamar sawun dodon koɗi.

Mun tarar da ƙauyen ya koma na tsofaffi, masu ƙarfi sun yi nisa neman abinci. Gwaggo na zaune da ƙullin kayanta, har na fara murna za mu juya da hantsi. Sai ta ce ba a kai mutum gaban wuƙar likita bai nemi gafarar maƙwabta ba. Ta kama hannuna muka fara bi gida-gida. Kowane gida a yi gaisuwa, a tambayi 'ya'ya da jikoki, ta ce a yafe mata, a ce ba ta yi komai ba, ita ma ta yafe, sannan a kawo fura wadda ƙin sha rashin kunya ne. Gidan wata tsohuwa da suka daɗe ba sa ga-maciji kan akuya da ta ci wake, nan aka fi daɗewa, don sai da aka sake shari'ar daga farko kafin a yafe.

Duk fitowarmu daga wani gida ƙanena zai nuno mini allon. Na'urar tana ƙiyasta lokacin isa gida, kuma lokacin sai ja da baya yake yi. Na sunkuya na ce wa Gwaggo rana na yi.

Ta ce, "Malam, likita ido zai gyara. Wanda na ɓata ma rai, shi ma likitan zai gyara shi?"

Ta ja hannuna muka nufi gida na gaba.

Muna gama azahar hadari ya haɗo, ruwa ya sauka. Bai gama ɗaukewa ba muka hau, Gwaggo a bayan ƙanena an lulluɓe ta da leda. Manomin da ya kawo mu ya daɗe da wucewa. Dattawan gari sun yi mana kwatance da zuciya ɗaya: mu bi ta inda kuka ta faɗi, mu bar gonar marigayi wane a hagu. Kukar an daɗe da yin itace da ita, marigayin kuma ba mu san shi ba. Gwaggo ta san hanyar kamar yunwar cikinta, sai dai da ido ta san ta.

Ruwa ya shafe sawun tayarmu tas. Dawa ta fi kan mai mashin tsawo, kowace mararraba kamar 'yar'uwarta. A wata mararrabar na tabbata ta hagu muka fito, na kuwa faɗa da muryar da nake ba da amsar jarrabawa. Muka shiga hagun, ba mu yi nisa ba na'urar ta fara tsuwwa, ɗigon da ke nuna mu ya rabu da layin safe.

Gwaggo ta ce, "Abin nan mai kuka, mi ya ce?"

Ƙanena ya ce ya ce mu koma mu bi dama.

"To ku bi dama mana. Shi kaɗai na ji bai shakka a cikinku."

Muka juya. Daga baya dillalin ya shaida mana hagun nan daji take shiga. Muka bi layin sannu a hankali cikin taɓo, allon na jiƙe amma yana haske, har rufin kwanon Damari ya bayyana. La'asar a Sheme muka yi ta, muka bi sahun motocin ƙarshe masu shiga Ƙanƙara, muka isa da sauran rana.

Washegari aka yi wa Gwaggo aiki, da aka cire auduga ta ga haske. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da dillalin da ya ba da mashin ba tare da ya tambayi yaushe za a dawo da su ba, na kuma gode wa mutanen da ban sani ba waɗanda suka zauna suka ƙera abin da ke tuna hanyar da mutum ya manta. Tafiyar ta koya mini cewa sanin inda aka fito ya fi wahala a kan sanin inda aka dosa, kuma neman gafara ba ya cikin lissafin kowace na'ura.

Gwaggo ta zagaya gidana da sabon idonta, ta ce ba a share shi da kyau. Ranar Lahadi take so a mayar da ita.