Rigar da Na Turara

Ni a ganina babu abin da wani zai koya min game da kwalliya. Goyon Kano ce ni, kuma uwata tela ce. Da wannan fankamar na zo karatu Kuala Lumpur.

A ɗakin bincikenmu na jami'a, can titin Jalan Semarak, akwai wata Ba'indiya haifaffiyar ƙasar nan da muka shaƙu da ita. Ita ta ara min kaya zan je walimar wata 'yar garinmu. Doguwar riga ce ta siliki mai zanen furanni, an yi wa wuyanta da hannuwanta aikin zaren azurfa da ƙananan duwatsu. Daga Indiya ta yi odarta, don ita za ta saka ranar baikonta, sati biyu masu zuwa. Duk da haka ta ba ni.

"Kada ki saka sarƙa," in ji ta. "Rigar ta cika da ado. Ɗan kunne kaɗai, cukup lah." Wato ya isa.

Na ce to, sannan na jibga sarƙa da awarwaro. A hoto na fito kamar shagon gwal.

Wannan duk mai sauƙi ne. A gidanmu abin kunya ne a mayar da kayan aro babu ƙamshi. Don haka na hura gawayi a ɗakina na unguwar Wangsa Maju, na zuba turaren wuta, na kifa kwando, na lulluɓa rigar a kai. Har na ƙara turaren, wai ta san da 'yar gidan mutunci take hulɗa.

Da na ɗaga, zaren azurfar ya yi baƙi ƙirin. Gam ɗin duwatsun ya narke, suna zuba ƙasa kamar tsaba. Kwana biyu ina zagaya shagunan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman, kowane tela ya duba sai ya girgiza kai.

Na kai mata a leda. Ta buɗe, ta daɗe tana shafa wuyan rigar. Na so ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi.

"Don ki girmama ni kika yi, ko?" ta tambaya.

Na gyaɗa kai. Ta ninke rigar ta ajiye.

Ranar baikon wata tsohuwar rigar yayarta ta saka, har ta ɗan yi mata yawa a kafaɗa. Na laɓe a bayan mutane. Da aka zo hoton dangi, sai ta ratso taron ta kamo hannuna ta tsayar da ni kusa da mahaifiyarta.